Ɗan Aiken da Ya Share Akwati: Tarihin Zuwan Wasiƙa Haɗeja

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, sai ku yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wata baiwar Allah ce daga Gashuwa ta aiko tana tambayata, wai me ya sa littafi na uku na wani labarina da ya fito a 2007 bai yi kama da na ɗaya da na biyu ba, sai ka ce wata daban ce ta rubuta shi. An daɗe ana yi mini wannan tambaya ina kaucewa. To yau zan ba da amsa, amma sai kun bari na ɗauko zancen daga tushe, domin kuwa amsar tana cikin tarihin yadda wasiƙa take isowa hannun mai ita a wannan gari namu.

A zamanin sarakuna, wasiƙa da ɗan aike abu guda ne. Malamin fada zai rubuta da larabci, a buga hatimi, a damƙa wa manzo ya hau doki ya nufi Kano ko Katagum ko Sakkwato, in damina ce kuma sai ya jira fito a bakin kogi. Duk Bahaɗejen da ya tashi a gaban tsofaffi ya ji labarin manzon da Turawa suka aiko wa Sarki Muhammadu da sharuɗɗansu, da irin amsar da aka ba shi, da abin da ya biyo baya ranar 25 ga Afrilu, 1906, lokacin da Sarki ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. A wancan tsari saƙo ne yake neman mutum har inda yake.

Da gidan waya ya zo sai al'amarin ya juya. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 bai ratsa cikin Haɗeja ba, ta Malam Madori ya bi, kuma mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda ake sauke buhun wasiƙu a tashar can sannan a ƙaraso da shi gari. Wasiƙa ta daina zuwa ƙofar gida. Sai dai a jefa ta cikin wani ƙaramin akwati mai lamba, ta zauna tana jira har ranar da mai mabuɗi zai zo. Ba kowa ke da akwati ba, don haka unguwa guda sai ta raɓa da akwatin makaranta ko na ofishin wani ma'aikaci. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar P&T, aikin wasiƙu ya koma hannun NIPOST, na tarho kuma ya koma NITEL, amma akwatin nan da mabuɗinsa ba su canja ba.

Ni a wannan tsari na fara rubutu. Littafina na farko ya fito a 2002, kuma kamar yadda kowane marubuci yake yi a lokacin, na sa adireshi a bangon baya, wato akwatin ofishin maigidana. Da yake ni matar aure ce ba na fita barkatai, ƙanina ne ɗan aikena. Duk ranar Alhamis zai hau keke ya je ya karɓo, ya dawo da ambulan biyar ko goma masu kan sarki daga Zariya, Gusau, Maraɗi, har da Kumasi. Wasu yabo, wasu zagi, wasu kuma neman shawara a kan kishiya. Na samu wata tsohuwar adakar kakata ina tara su a ciki. Ku riƙe wannan hoto na yaro da keke da mabuɗi, domin shi ne dai aka mayar cikin kwamfuta.

Shi imel ya girme ni. A 1971 wani injiniya a Amurka mai suna Ray Tomlinson ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma shi ne ya zaɓi alamar nan ta @ don raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. A wancan lokaci kwamfutocin manya ne na jami'o'i da ma'aikatu, a kunne suke dare da rana, mutum yana zama a gabansu ya karanta saƙonsa a nan inda ya sauka. Matsala ta taso ne da ƙananan kwamfutoci suka shiga ofisoshi da gidaje, waɗanda ake kashewa a tafi barci. In saƙo ya zo da tsakar dare, wa zai karɓa? Sai aka ce to a bar shi a wata babbar kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira saba, wasu kuma suka raɗa mata uwar garke, in ya so ƙaramar ta riƙa aikawa ana ɗauko mata.

Wata mata ce, Joyce Reynolds ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ta rubuta ƙa'idar farko ta wannan aike a 1984. Sunan da aka sa wa ƙa'idar shi ne POP, kuma in aka warware haruffan ma'anarsu ita ce ƙa'idar gidan waya. Kun ga ke nan su ma da akwatin ƙanina suka yi tunani. An yi mata gyara har aka kai ga ta uku, POP3, a 1988, wadda ita ce ta game duniya ta cikin manhajoji irin su Eudora da Outlook Express.

Yadda aiken yake gudana abin sha'awa ne, don tamkar hira ce tsakanin mutum biyu masu ladabi. Manhajar da ke kwamfutarka za ta ƙwanƙwasa wata ƙofa mai lamba 110 a jikin saba, saba ta amsa sallama. Sai ta faɗi sunan mai akwati, ta faɗi kalmar sirri. Sai ta tambaya, wasiƙu nawa ne kuma mene ne nauyin kowacce? A lissafa mata. Sai ta ce miƙo ta ɗaya, a miƙo, ta ce to sa mata alamar gogewa. Miƙo ta biyu, sa mata alama. Haka har su ƙare, sannan ta yi sallama ta tafi. Saba ba ta goge komai sai an yi wannan sallama ta ƙarshe. Shi ya sa a zamanin da layi ke yankewa ko NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sai ka ga wasiƙa guda ta shigo maka sau biyu ko sau uku, saboda ɗan aiken bai yi bankwana ba, da ya koma sai ya sake kwasowa daga farko. Mun sha zagin kwamfuta a kan wannan, ashe ita gaskiyarta take bi.

Kada a ce wauta ce ta sa ake gogewa. Wurin ajiya tsada gare shi a lokacin. Hotmail da ya fito a 1996 megabayit 2 kacal yake ba mutum, Yahoo kuma da ya biyo baya a 1997 ya daɗe yana ba da 4, abin da hoton waya guda na yau zai iya cinyewa. In ba ka kwashe ba akwati ya cika, sabbin wasiƙu su koma inda suka fito. Ga kuma kuɗin layi da ake biya da minti. Hikimar POP ita ce ka haɗa layi na ɗan lokaci, ka kwaso komai, ka kashe, sannan ka zauna ka karanta a tsanake ba tare da mita tana gudu ba.

Tun a 1986 wani mai suna Mark Crispin a Jami'ar Stanford ya hango illar wannan, ya fito da wata ƙa'ida daban, IMAP, wadda a cikinta ɗan aike ba ya kwashe komai. Wasiƙa tana nan a saba, kai dai ana nuna maka ita ne, ko daga wace kwamfuta ka leƙa. Amma wannan tana son layi mai ɗorewa da rumbu mai faɗi, abubuwan da ba mu da su.

Mu a Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, intanet ya shigo da ɗan saurinsa saboda gwamnatin Saminu Turaki ta 1999 zuwa 2007 ta ɗauki harkar kwamfuta da zafi, har aka buɗe makarantar koyon ta a Kazaure. Wayar salula kuma ta shigo ƙasar a 2001. Kafin ka ce kwabo shagunan buga takardu sun fara kafa faranti a kan rufi, ana sayen awa a zauna gaban allo, janareto yana ta ruri a waje. Makaranta suka fara rubuto mini cewa, Anti ba ki da imel ne? A 2005 ƙanina ya buɗe mini akwati a wajen wani ƙaramin kamfani da ba zan ambaci sunansa ba, muka sa adireshin a bangon littafi.

Yaron da ke kula da shagon da muke zuwa yana da kirki ƙwarai. Da ya ga yadda awa take ƙarewa ƙanina bai gama buɗe wasiƙu uku ba saboda nauyin layi, sai ya ce masa, "Ka gaya wa Hajiya zan saita mata manhaja a kwamfutar can ta lungu. Da asuba layi ya fi gudu, sai in sauke mata duka, kai dai ka zo ka biya kuɗin bugawa." Muka yi ta sa masa albarka. A cikin saitin akwai wani ɗan gurbi da ake sa wa alama in ana so a bar kwafi a saba. Bai sa ba, ni kuwa ban ma san da shi ba.

A 2006 na gama littafi na uku, cikin littattafan rubutu na 'yan makaranta guda shida, na aika Kano wajen mai buga mini a kwamfuta. Da ya gama sai ya turo mini ta imel babi-babi don in duba kurakurai. Kuɗin buga shafi sama da ɗari a takarda ya yi mini yawa a watan, ga shi ina fama da laulayi, sai na ce a bari sai bayan salla, ai yana cikin akwatina. Kalmar nan "yana cikin akwatina" ita ta cuce ni. A zatona yana can wani wuri mai tsaro a ƙasar Turawa, ashe yana cikin wata tsohuwar kwamfuta a lungun shago, ƙura tana hawa kanta.

Bayan salla ƙanina ya dawo jiki a sanyaye, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, wai kwamfutar ta kamu da cuta an wanke ta." Ban gane ba, na ce to a buɗe a wata mana. Aka buɗe a wata, akwati fayau, ba ko wasiƙa ɗaya. Ɗan aike ya kwashe, ya yi sallama yadda ya kamata, saba ta cika umarni. Maigidana ya buga waya Kano, aka ce mai bugun ya sayar da kayan shagonsa ya tafi karatu, littattafan rubutuna shida kuma ba wanda ya san inda aka jefa su lokacin kwashe kaya. Wasiƙun makaranta na fiye da shekara guda su ma sun bi ruwa, in ban da 'yan kaɗan da aka buga a takarda.

Na yi kuka ba kaɗan ba. 'Yan kasuwar littafi a Kano suna ta aiko saƙo, makaranta sun ƙosa, na ɗaya da na biyu sun ƙare a kasuwa. Na zauna da jaririya a cinya na sake rubutawa daga ka cikin wata biyu. Abin da na tuna na tuna, abin da ya ɓace na ƙago sabo. A rubutun farko jarumar ba ta koma gidan mijinta ba, a na biyu kuwa na mayar da ita, don a lokacin zuciyata ba ta da ƙarfin da za ta sake bin wancan dogon hanya mai ɗaci. To 'yar uwa ta Gashuwa, kin ji dalili. Hasashenki bai yi nisa da gaskiya ba.

Abin haushin shi ne maganin ya riga ya iso duniya a lokacin, mu ne bai iso gare mu ba. Gmail ya fito ranar 1 ga Afrilu, 2004 da gigabayit guda cur, har mutane suka ɗauka wasa ne, kuma a 2007 ya buɗe ƙofar IMAP kyauta. Da wayoyi masu intanet suka yawaita, mutum yana son ganin saƙonsa a waya da kwamfuta lokaci guda, sai tsarin Crispin ya yi rinjaye. Wasiƙun da aka aiko mini tun daga 2008 suna nan, na canja waya ta fi sau bakwai, ɗaya ma a randa ta faɗa, amma ko guda ba ta ɓata ba.

Sai dai ban yarda in ce an gama magana ba. Wani sashe na muhawarar da marubutan Hausa suka tafka a farkon shekarun 2000 a zaurukan Yahoo aka yi shi, irin su Marubuta da Finafinan Hausa waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya jagoranta. Kamfanin ya rufe zaurukan baki ɗaya a watan Disamba na 2020. Wanda ya dogara da cewa komai yana can a ajiye ya wayi gari ba rumbun, wanda kuwa ya riƙa saukewa yana adanawa a wajensa shi ne ya tsira da wani abu. Wato abin da ya kashe mini littafi shi ne ya ceci na wasu.

Adakar kakata kuwa, da muka yi ƙaura zuwa gidan haya sai na kai ta ajiya gidanmu na ƙauye a yankin Auyo, cikin ɗakin mahaifiyata na ƙasa. A daminar 2022 kogi ya cika ya tumbatsa, a cikin gari matasa suna kwana a kan jinga da buhunan ƙasa, a ƙauye kuwa ruwa ya shanye gonakin shinkafa ya shigo gidaje, da kwale-kwale aka fitar da tsofaffi. Alhamdu lillahi ba mu rasa rai ba. Da ruwa ya janye ƙanina, wanda yanzu magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ya tono adakar daga ƙarƙashin ginin da ya rushe ya kawo mini a bayan babur. Muka fasa kwaɗon da ya yi tsatsa. Takardun sun manne sun zama dunƙule guda, tawada ta narke ta rine su shuɗi. Muka shanya su a tsakar gida kwana uku, muka samu guda goma sha ɗaya da ake iya karantawa, cikinsu har da ta wata yarinya daga Maraɗi mai kwanan wata na 2003, tana tambaya yaushe na biyu zai fito.