Littafin da ya ɓata tsakanin Busa da Sakkwato

A 1980 Umberto Eco, marubuci ɗan Italiya, ya fitar da The Name of the Rose, labarin kashe-kashe a wani gidan ibadar Kirista a shekarar 1327. Mai binciken, William na Baskerville, malamin addini ne mai bin sawu kamar maharbi. Farkon littafin yana da nauyi, Latin ya yi masa yawa, amma wanda ya daure zai ga cewa gawarwakin ba su ne zancen ba. Duk rigimar a kan wani littafin Aristotle ce da aka ɓoye a ɗakin karatu.

Wannan ne ya kai hankalina Hubbare, don Sakkwato ma tana da nata ɓataccen littafi.

Shehu Usmanu ya rasu a 1817, aka rufe shi a gidansa, inda ake ziyara a yau. Shekara bakwai bayan haka, a 1824, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso garin, Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u, ya sauke shi. Cikin abin da ya kawo shi har da cigiyar takardun Mungo Park, wanda ya mutu a kogin Kwara kusa da Busa a 1806. An gaya masa littattafan Park suna hannun Sarkin Yawuri. Ya nemi tafiya can, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai bar shi ba, aka ce hanya ba lafiya. Tsoron hanya ne kawai, ko kuwa an fara gane abin da Turawa ke nema a kogin? Nan marubuci zai samu abin yi.

Kuma ga mai bincike a shirye. Giɗaɗo malami ne, marubuci, mai jin maganar fada da ta fatake. A ganina ya fi William dacewa da aikin, domin shi baƙon ne ke kwana a hannunsa.

Clapperton ya dawo a 1826, ya mutu a Sakkwato a Afrilu 1827. A 1830 yaronsa Richard Lander da ƙanensa John suka je Busa da Yawuri. Abin da aka nuna musu a Busa wani littafin lissafin matuƙan jirgi ne. Kundin tafiyar Park ta ƙarshe kuwa, har yau ba a gan shi ba.