Daga Shayin Jamaika Zuwa Ɗakin Dashen Ɓargo

A shekarar 1954, likitoci a Jamaika suka bayyana wata cuta da ke kumbura hantar yara, ta cika musu ciki da ruwa. Bincike ya gano cewa gubar wasu ganyaye da ake dafawa a sha kamar shayi ce ke toshe ƙananan jijiyoyin jini na hanta. A lokacin, cutar ba ta da alaƙa da manyan asibitoci.

Sai ga ta ta ɓulla a wani wuri dabam. A Amurka, Dokta Donnall Thomas ya share fagen dashen ɓargo, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1990. Kafin a dasa sabon ɓargo, dole a kashe tsohon da magunguna masu ƙarfi ko gashin haske. A 1979 aka fara ba da rahoton majinyatan da, cikin makonni uku bayan dashe, shawara ke kama su, hanta ta kumbura tana ciwo, nauyinsu ya ƙaru saboda ruwa. Cutar Jamaika ce, amma wannan karon magani ne ya haddasa ta. Idan ta tsananta har ta taɓa ƙoda da huhu, fiye da 80 cikin 100 na mutuwa.

Da farko an ɗauka daskarewar jini ce tushen matsalar, don haka aka gwada magungunan narkar da gudajin jini. Majinyata da dama suka faɗa cikin zubar jini mai haɗari. Daga baya aka fahimci cewa ɓarnar tana farawa ne daga lallausar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiyoyin, wadda ke saɓulewa ta tare hanya.

Wannan fahimta ta ɗaukaka darajar defibrotide, maganin da aka samar a Italiya daga hanjin alade, wanda ke kare wannan fata. A 1998, Dokta Paul Richardson na Boston ya wallafa sakamakon gwada shi a kan majinyata 19. A babban gwajin da ya biyo baya, 38 cikin 100 sun kai kwana 100 da rai, alhali 25 ne suka kai a cikin waɗanda aka kwatanta da su. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2013, Amurka a 2016.

Ko da maganin, yawancin waɗanda cutar ta tsananta musu ba sa tsira, shi ya sa likitoci suka karkata ga rigakafi: auna yawan maganin da ake ba kowane majinyaci, sassauta shi ga masu rauni, da awon nauyi kullum. Darasin ya shafi Najeriya, inda aka fara dashen ɓargo ga mai sikila a Benin a 2011. Yawan ƙarin jini na tara sinadarin ƙarfe a hanta, kuma hantar da ta riga ta jigata ta fi saurin kamuwa.