Ƴan rakoda: yadda ƴan kallo suka adana kiɗan Grateful Dead

Ranar 27 ga watan Oktoba na shekara ta 1984, a wani zauren wasa na garin Berkeley, cikin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, an yi abin da ba a saba gani ba a fagen kiɗan rok. Ƙungiyar makaɗan nan mai suna Grateful Dead ta keɓe wuri a bayan teburin mai daidaita sauti, ta ce duk wanda ya zo da rakoda ya tsaya nan ya ɗauki wasan a kaset, babu mai ce masa kanzil. A wancan zamani kuwa, abin da aka sani shi ne a lalube ɗan kallo a bakin ƙofa, in an samu rakoda a jikinsa a karɓe ta, wani lokacin ma a tisa ƙeyarsa waje. Kamfanonin faifai ɓarawo suka ɗauki mai ɗaukar wasa, tun da a ganinsu kowane kaset da ya fita daga zaure faifai ɗaya ne da ba za a saya ba.

Wannan ɗabi'a ta girmi kiɗan rok nesa ba kusa ba. Tsakanin 1901 da 1903, Lionel Mapleson, mai kula da takardun kiɗa na gidan opera na Metropolitan a birnin Niyok, ya riƙa ɗaukar muryoyin mawaƙa a kan kakin zuma yayin da suke bisa dandali. A 1947 da 1948 wani mabushi, Dean Benedetti, ya bi Charlie Parker, gwanin jaz, daga wannan gidan rawa zuwa wancan, ba ya kunna na'urarsa sai in Parker ne ke busa. Waɗannan don so suka yi. A 1969 ne ciniki ya shigo, lokacin da aka buga waƙoƙin Bob Dylan da bai fitar ba, da wani wasan Rolling Stones na garin Okland, aka sayar da su a faifai ba da izinin masu su ba. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 shi ya sauƙaƙa abin ga kowa, mai so da mai neman riba baki ɗaya.

To, me ya sa Grateful Dead ce ta zama matattarar masu rakoda? Amsar tana cikin irin kiɗanta. An kafa ta a 1965 a yankin San Faransisko, da Jerry Garcia da Bob Weir a kan gita, Phil Lesh a kan gitar bas, Bill Kreutzmann a kan ganguna, da Ron McKernan. Mickey Hart ya shigo a 1967. Cikin shekara 30 sun yi wasa kusan sau 2,300, kuma ba su da al'adar maimaita jerin waƙoƙin jiya. Ko waƙa ɗaya ce, tsawonta da hanyarta suna sakewa daga dare zuwa dare. “Dark Star”, wadda ba ta kai minti 3 ba a ƙaramin faifan da aka fara bugawa, ta zarce minti 40 a wasan Rotterdam na 1972. Wanda ya saurari Bakandamiyar Mamman Shata a ɗauka biyu ko uku ba ya buƙatar dogon bayani a nan: sunan waƙar ɗaya ne, amma abin da aka ji a kowane zama nasa daban. Ga irin waɗannan makaɗa, faifan da aka tsara a ɗakin ɗauka inuwa ce kawai, gangar jikin tana filin wasa, kuma da an kashe fitilu ta tafi ke nan, sai fa in wani ya kama ta.

Masoyan ƙungiyar, waɗanda ake kira Deadheads, sun gane haka tun da wuri. Dubbai daga cikinsu sukan bi makaɗan gari gari a tsofaffin motoci, su kafa kasuwa a filin ajiye motoci suna sayar da abinci da riguna masu rini don su sami kuɗin mai da na tikitin gobe. Wanda bai da tikiti yakan tsaya a bakin hanya ya ɗaga yatsa ɗaya sama, yana fatan wani ya ba shi kyauta. Ba a ce taron duka alheri ba ne. Ƙwaya ta yi katutu a cikinsa, kuma Owsley Stanley, wanda ya fara ɗaukar wasannin ƙungiyar daga teburin sauti tun farkonta, ya fi shahara da harhaɗa ƙwayar LSD. Shi kansa Garcia a gidan jinyar masu shaye-shaye ya rasu.

A tsakiyar wannan hayaniya, mai rakoda mutum ne na daban. Kowa yana rawa, shi yana tsaye ƙyam kamar soja, idonsa a kan allurar na'ura. Ba ya tafi, ba ya shewa, kuma yakan harari maƙwabcin da ya faye surutu, don kowane tari zai zauna a kaset har abada. Kaset mai minti 90 yana ƙarewa a minti 45 kowane gefe, saboda haka dole ya san waƙoƙin ciki da bai, ya hango inda makaɗa za su numfasa ya juya kaset cikin ƙiftawar ido. In ya yi kuskure, waƙa ta yanke a tsakiya, kuma duk wanda ya kwafa daga gare shi zai gaji wannan giɓi. Ga nauyin batir, ga doguwar sandar da ake ɗaura makirufo a kai don ya haye kawunan jama'a. Kafin izinin 1984, shigar da wannan kaya sai da dabara. A wasannin wasu ƙungiyoyi abin ya fi tsanani: a Los Anjalas, Mike Millard, wanda lafiyarsa lau, yakan shiga a keken guragu da rakodarsa Nakamichi a ɓoye ƙarƙashin mazauni, kuma ta haka ya ɗauki wasan Led Zeppelin na ranar 21 ga watan Yuni 1977, wanda masoyan ƙungiyar ke ji da shi.

Kada a ɗauka karamci zalla ne ya sa Grateful Dead ta buɗe ƙofa. Sandunan makirufo sun yi yawa har suna tare wa mai daidaita sauti, Dan Healy, ganin dandali, ana kuma yawan cacar baki tsakanin masu rakoda da masu rawa. Tara su wuri guda shi ne maslaha. Amma akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi. A 1964, tun kafin a san shi, Garcia ya ratsa Amurka da rakoda yana bin makaɗan gargajiyar karkara irin su Bill Monroe. Ya san ƙishirwar, don ya taɓa jin ta. Ra'ayinsa, wanda ya sha faɗa, shi ne in makaɗa sun gama da kiɗan dare, jama'a suna iya ɗauka.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya, kuma masu rakodar da kansu suka fi kowa tsare shi: ba a sayarwa. Kaset da kaset ake musaya. Wanda bai da abin musaya yakan aika sababbin kaset da kuɗin gidan waya, a kwafa masa a mayar. Mujallar Relix, wadda Les Kippel ya kafa a 1974, ta faro ne a matsayin takardar haɗa masu musaya. Da yake kowace kwafa tana rage tsabtar sauti ta ƙara shuu, sai aka shiga rubuta asalin kowane kaset: wa ya ɗauka, da wane makirufo, hannu nawa ya bi. Mai karatun da ya san yadda malamai ke bin salsalar ruwaya zai yi murmushi, amma aikin na tarihi ne sosai, kuma daga irinsa aka tattara littafin DeadBase na 1987, mai jera wasanni da waƙoƙin da aka yi a kowane dare. Irin wannan yawo na kaset ba baƙo ba ne a arewacin Nijar da Mali, inda kiɗan gitar ishumar, na Tinariwen da na Abdallah ag Oumbadougou, ya bi hannu hannu a shekarun 1980 da 1990 ba tare da wani kamfani ba. Sai dai a can riƙe kaset ɗin yana iya jawo wa mutum fushin hukuma, abin da ya fi asarar rakoda a bakin ƙofa nauyi.

Wani abin lura shi ne kaset ne ke yanke hukuncin daren da za a tuna. Wasan jami'ar Cornell na ranar 8 ga watan Mayu 1977 ya zama abin kwatance, alhali masana da yawa suna ganin akwai dararen da suka kai shi a cikin watan nan. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ɗaukar da Betty Cantor-Jackson, ma'aikaciyar sauti ta ƙungiyar, ta yi daga teburi. A 1986 aka yi gwanjon kayanta da ke wani ɗakin ajiya saboda bashin haya, zarurrukan ɗaukarta suka faɗa hannun waɗanda suka saya, daga nan kwafi mai tsabta ya bazu ko'ina. A 2012 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa wannan wasa cikin jerin sautukan da ƙasa ke adanawa, tun ba a taɓa sayar da shi a shago ba. Sai a 2017 aka buga shi a hukumance. Haka ma wasannin dare 3 da suka yi a gindin dalar Giza ta Masar a watan Satumba 1978, tare da Hamza El Din, makaɗin ud ɗan Nuba, daren ƙarshe ma wata ya yi husufi: makaɗan ba su gamsu da abin da suka buga ba, suka ajiye ɗaukar har 2008, amma tsawon shekarun nan 30 ana jin dararen a kaset ɗin masoya.

A ƙarshe ƙungiyar ta koma neman ilimin waɗannan mutane. A 1985 ta ɗauki Dick Latvala, wanda ya shafe shekaru yana tara kaset yana cika littattafai da sharhi a kansu, ta danƙa masa rumbun ɗaukarta. Daga 1993 aka fara buga zaɓinsa da sunan Dick's Picks, jerin da ya kai kundi 36, ya ci gaba har bayan rasuwarsa a 1999. Ta fuskar kuɗi ma ba a yi asara ba. Waƙa ɗaya tak, “Touch of Grey” ta 1987, ta taɓa shigar musu cikin goman farko na kasuwar Amurka, amma a farkon shekarun 1990 suna cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa samun kuɗin tikiti, don kowane kaset mai yawo gayyata ce zuwa wasa na gaba. Sai dai bai kamata a mai da wannan doka ga kowa ba. Abincin Grateful Dead a filin wasa yake. Mawaƙin da faifai ne gonarsa yana da hujja in ya ƙi.

Wasansu na ƙarshe shi ne na Shikago, ranar 9 ga watan Yuli 1995, kuma Garcia ya rasu ranar 9 ga watan Agusta yana da shekara 53. Da wasa ya tsaya, rumbun ɗauka ya zama jarin da ya rage, a daidai lokacin da intanet ta kawar da wahalar da ke tsare tsohuwar yarjejeniya: babu sauran jiran gidan waya, babu raguwar sauti, kwafi na dubu daidai yake da na farko. Masoya suka zuba dubban ɗauka a ma'ajiyar Internet Archive, kowa na saukewa kyauta. A watan Nuwamba 2005 kamfanin ƙungiyar ya sa aka hana saukewa. Dubban masoya suka sa hannu a takardar ƙorafi suna barazanar ƙaurace wa kayan ƙungiyar. John Perry Barlow, ɗaya daga marubutan waƙoƙinta, ya soki matakin, Phil Lesh kuma ya bayyana cewa ba a shawarce shi ba, har ya ce shi kansa ya yi amfani da ma'ajiyar lokacin da yake rubuta tarihin rayuwarsa. Cikin ƴan kwanaki aka raba gardama: abin da aka ɗauka daga teburin sauti, wanda ake ganin na ƙungiya ne, a saurara kawai ba a saukewa, abin da ɗan kallo ya ɗauka da makirufonsa daga cikin taro, da tafin da tarin da ke cikinsa, aka mayar wa jama'a su sauke yadda suka ga dama.