Tarihin furucin kalmar «time» da abin da yake koya wa malamin Ingilishi

A wannan taƙaitaccen nazari za mu duba kalma guda, wato «time», mai nufin lokaci. Mun lura cewa ɗalibin da ya fara karatu da Faransanci, in ya gan ta a rubuce, sau da yawa /tim/ yake cewa maimakon /taim/. Malamai kan ɗauki wannan a matsayin sakaci. A ganinmu, asalin matsalar yana cikin tarihin Ingilishi.

A zamanin mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana furta kalmar /ti:mə/, da dogon wasali irin na «kifi». Harafin i yana da darajar da yake da ita a Latinanci da Faransanci. Tsakanin wajejen 1400 da 1700 dogayen wasulan Ingilishi suka goce daga mazauninsu: /i:/ ya zama tagwan wasali, da farko /əi/, daga baya /ai/, haka /u:/ na «house» ya koma /au/. Masanin harsuna Otto Jespersen, ɗan ƙasar Danmak, shi ya raɗa wa wannan sauyi suna a 1909, abin da za mu fassara da babbar gocewar wasula.

Rubutu kuwa bai bi baki ba. William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, lokacin da sauyin bai yi nisa ba, sannan masu ɗab'i suka riƙe tsohuwar ƙa'ida. Ke nan ɗalibinmu da ke cewa /tim/ ya fi kusa da furucin ƙarni na 14.

Hausa ta ba mu hujja ta biyu. Kalmomin aro irin su «waya», «taya» da «layi» sun fito daga «wire», «tyre» da «line». Ta kunne suka shigo, a bakin direbobi da ƴan kasuwa, shi ya sa ake jin sawun /ai/ a cikinsu. Bahaushe yana da wannan sauti a «aiki» da «rai», saboda haka harshensa ba ya gazawa; idonsa ne harafi ya yaudara.

Shawararmu ita ce malami ya fara furta kalmar, ya haɗa ta da «rai», ɗalibai su maimaita, kafin ya rubuta ta a allo.