Mece ce Kunya, Kuma da Me Ake Auna Ta a Nan Kudu?

Sau da yawa nakan ji dattawanmu na Agege da Sabon Ibadan suna cewa yaran da aka haifa a kudu ba su da kunya. To, mece ce kunyar?

A wurin Bahaushe, kunya ita ce kame kai daga abin da zai zubar da mutunci, naka ko na wani. Baturen nan Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa ta cikin halaye 10, tare da irin su gaskiya, amana da haƙuri. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya sanya ta cikin rassan imani.

Alamominta a gargajiyance sanannu ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Mace kan ce “Malam” ko “Maigida” maimakon sunan mijinta. Saurayi ba ya cin abinci gaban surukai, yaro kuma kan durƙusa ya gaida babba, idonsa a ƙasa.

Maƙwabtanmu ma suna da tasu. Bayarabe na kiran ta itiju, Ibo kuma ihere. Ɗan Bayarabe kan kwanta rub da ciki ya gaida dattijo, 'yarsa ta durƙusa. Amaryar Yarabawa ba ta kiran sunan yaran da ta tarar a gidan miji, sai dai ta laƙaba musu wani. Ka ga ke nan manufa ɗaya ce, salo ne ya bambanta.

Batun sutura kuwa har kotu ya kai. A 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi mata haƙƙin sanya hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas.

Sai dai kunya na da iyaka. Wadda ke hana mace faɗa wa likita ciwonta, ko ta sa iyaye su rufe maganar fyaɗe don gudun abin faɗa, cuta ce. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Ni a ganina, kafin mu ce yaro ba shi da kunya don ya kalle mu ido cikin ido, mu duba ko yana cika alkawari, yana riƙe amana, yana jin nauyin zagi a kasuwa. Can ake gane ta.