BABI NA BIYU: TARIHIN ƘARANCIN MURYOYI A FIYANON JERA KIƊA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi tarihin wata matsala da ta addabi masu haɗa kiɗa da fiyanon lantarki, wato ƙarancin muryoyi. Abin da ake nufi da murya a nan shi ne sauti guda da na'ura ke fitarwa idan an danna maɓalli ɗaya. Kowace na'ura tana da iyakar muryoyin da za ta iya fitarwa a lokaci guda. Za a nuna cewa wannan iyaka, fiye da yawan layukan kiɗa, ita ce ta tsara yadda makaɗa suka riƙa gina waƙoƙinsu.

2.1 Daga Murya Ɗaya Zuwa 16

Minimoog, wadda ta fito a Amurka a shekarar 1970, murya ɗaya tak gare ta. A 1978 aka fitar da Prophet-5 mai muryoyi 5, sannan a 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da DX7 mai muryoyi 16. A wannan shekara ce kuma tsarin MIDI ya bayyana, wanda ya ba na'urori damar aika wa juna umarnin kiɗa ta tashoshi 16.

Matsalar ta fito fili ne da aka haɗa fiyano da ma'adanar jera kiɗa a akwati ɗaya. ESQ-1 ta kamfanin Ensoniq, wadda ta fito a 1986, tana da layuka 8 da muryoyi 8. Korg M1 ta 1988 kuwa layuka 8 ne da muryoyi 16. Da can mutum ɗaya ne ke kaɗa na'urar da yatsunsa goma. Yanzu kuwa ganga da bes da goge da sarewa duk a akushi ɗaya suke ci.

2.2 Yadda Muryoyi ke Ƙarewa

A M1, sautin da aka gina da tushe biyu yana cin muryoyi 2 a kowane maɓalli. Idan makaɗi ya danna maɓallai 4 tare da irin wannan sauti, muryoyi 8 sun tafi. Bes ya ɗauki 1, kayan bugu 3, karin waƙa 2, ya zama 14. Saura 2 ke nan, alhali an yi amfani da layuka 4 kawai. Bugu da ƙari, sautin goge ba ya mutuwa nan take bayan an ɗaga yatsa. Kafin jelarsa ta ɓace, sababbin maɓallai sun shigo suna neman wuri. A nan sai na'urar ta katse wani sautin da ke tafiya, galibi wanda ya fi daɗewa, ta ba sabon. Wannan shi ake kira satar murya, kuma mai sauraro yana jin sa a matsayin giɓi a tsakiyar waƙa.

2.3 Dabarun Makaɗa

Dabara ta farko ita ce rage maɓallan da ake dannawa tare, domin sautin da bes ya riga ya riƙe ba sai an maimaita shi ba. Ta biyu, a zaɓi sauti mai tushe ɗaya, a gajarta jelarsa, a kuma rage taka fedar da ke riƙe sauti. Ta uku, a tsara kayan kiɗan su riƙa karɓa-karɓa, sarewa ta yi shiru idan goge ya shigo. Masu hali kuwa sukan naɗi wasu layukan a tef, ko su jona wata na'ura ta MIDI.

Kamfanoni ma sun yi nasu ƙoƙarin. Ƙa'idar General MIDI ta 1991 ta tanadi aƙalla muryoyi 24. Korg 01/W ta 1991 ta zo da 32, Roland JV-1080 ta 1994 kuma da 64, tare da damar keɓe wa kowane sashe rabonsa don kada a sace masa. Sai dai sauti guda a JV-1080 yana iya cin muryoyi 4, saboda haka lissafin bai ƙare ba.

2.4 Naɗewa

An ga cewa ƙarin muryoyi bai kawar da matsalar ba, domin sautukan ma ƙara cin muryoyi suka yi. Da kwamfuta ta karɓi aikin haɗa kiɗa, iyakar ta koma ga ƙarfin kwamfutar. Abin da ya wanzu shi ne tarbiyyar tsimi, wato makaɗi ya tantance sautin da waƙa ba za ta tsaya ba sai da shi. Da wannan ma'auni ne babi na gaba zai duba kiɗan finafinan Hausa na shekarun 1990, wanda aka riƙa haɗawa a Kano da fiyanon Yamaha samfurin PSR.