Ƙaro Ilimi Ga Likitocin Farfaɗo Da Gaɓoɓi

Likitan farfaɗo da gaɓoɓi shi ne ke kula da majinyaci bayan shanyewar ɓarin jiki, raunin laka ko yanke ƙafa, har ya koma iya hidimar kansa. Ya bambanta da mai gashin ƙashi, wanda ke ƙarƙashin hukumar MRTB da doka ta kafa a 1988.

A Nijeriya, hukumar kula da likitoci, MDCN, na buƙatar shaidar ƙaro ilimi kafin ta sabunta lasisi. Likitocin wannan fanni ƙalilan ne matuƙa, saboda haka asibitocin ƙashi na Dala, Igbobi da Inugu suka fi dacewa da mai neman gogewa. Ƙungiyar fannin ta duniya, ISPRM, wadda aka kafa a 1999, tana shirya tarukan ƙara wa juna sani.